Ana Kiran Matar Lawal

Ranar sunan 'yarki, Safiya, ina zaune a kicin ina ƙulla cincin a leda, sai na jiyo ki a falo kina ba ƙawayenki labarina da Turanci. Kin ce Mummy ta sake aure bayan rasuwar Baba amma ta ƙi sauya suna, har gobe Mrs Lawal ce, saboda son da take yi masa bai bar wa wani wuri ba. Suka yi ta jinjina mini, wata ma har da ƙwalla. Ni kuwa na ci gaba da ƙullina, don ba a ƙaryata mai jego a gaban baƙinta. Amma maganar ta tsaya mini a rai tun daga ranar. Labarin naki da daɗin ji, sai dai ba haka aka yi ba, kuma ba na so in mutu ke da Yayanku kuna yabona a kan abin da ban yi ba.

Ku fara sanin cewa sunan nan ban zaɓe shi ba. A Kano ni Binta ce, 'yar Malam Haruna maɗinki, kuma a gidanmu mace ba ta ajiye sunan ubanta don ta yi aure. Da babanku ya tashi kawo ni Landan, mai rubuta fasfo ya dubi takardunsa ya rubuta Binta Lawal, babu wanda ya tambaye ni. Na iso ƙasar da kowace ƙofa ka je sai an ce ka faɗi sunanka, ni kuwa an tashe ni a kan mace ba ta ambaton sunan mijinta. Da farko kati nake miƙawa ina sunkuyar da kai kamar marar gaskiya. Daga baya harshe ya saba, na ɗauki sunan tamkar lambar bas, kana faɗa ne don ka isa inda za ka. Babanku mutumin kirki ne, Allah Ya jiƙansa, mun yi shekara talatin da ɗoriya a Tottenham bai taɓa ɗaga mini hannu ba. Na yi masa kuka na gaskiya. Amma kukan bai hana flat ɗin nan yin faɗi ba bayan Yayanku ya koma Dagenham da iyalinsa, ke ma kika bi mijinki. Akwai ranakun da daga asuba zuwa isha ba na jin muryar kowa sai ta firji.

Malam Isyaku a ɗakin jiran likita na same shi, kada ku yi dariya. Shi ciwon suga, ni hawan jini, likitanmu ɗaya. Tsohon direban bas ne da ya ajiye aiki, matarsa ta rasu da daɗewa, kuma Allah bai bar masa ɗa ko ɗaya a raye ba. Cikakken sunansa Muhammadu Isyaku, duka biyun nasa ne na yanka, shi ya sa Turawa ke ce masa Mr Isyaku. Ya ji ina waya da Hausa ya gaishe ni, shi ke nan. 'Yan mata a zaure ake zuwa zance wurinsu, ni nawa zancen a kan kujerun roba aka yi shi, tsakanin masu tari da masu sanda, muna kallon allon nan na bango da ke yin ƙara ya rubuta sunan wanda likita ke kira. Mutum ne mai barkwanci, ba ya iya ganin fuska a murtuke ya ƙyale. Har na manta ina da irin dariyar da ya tono mini.

Da magana ta kai ga aure, ke na gaya miki da bakina, Safiya. Yayanku kuwa aike na yi masa. Na tura Hajiya Ladi, maƙwabciyata da muka tsufa tare a layin nan, ta je Dagenham ta sanar da shi. Ku da aka haifa a nan ba ku taɓa gane wannan ba, don haka bari in faɗa muku dalla-dalla. Ɗan fari akwai kunya tsakaninsa da uwa. Ba ta kiran sunansa, ba ta jan sa da hira, ba ta nuna shi a gaban mutane. Ga shi kuma sunan mahaifina aka sa masa, kunyar ta zama biyu. Haka uwata ta yi da babban wana, kuma babu wanda ta fi so a duniya kamarsa. A wurinmu wanda aka fi ji a rai shi ake kawar wa kai. To ta yaya zan zaunar da ɗan farina in ce masa ina son wani namiji? Aka ɗaura aure a wani ƙaramin masallaci a Tottenham bayan sallar Juma'a, aka raba dabino da goro. An ce mini Yayanku ya zo, ya tsaya a sahun baya, ana shafa fatiha ya fita.

Sati na zagayowa muka koma wurin likita, karo na farko a matsayin miji da mata. Muna zaune allon ya yi ƙara, ya rubuta Mrs Binta Lawal da jajayen haruffa. Malam ya dungure ni da gwiwar hannu.

"Tashi, ana kiran matar Lawal."

Na yi dariya, shi ma ya yi. Amma a bas muna komawa gida sai ya yi ta kallon taga, abin da ba halinsa ba. Sai da muka kusa sauka ya yi magana.

"Hajiya, ni fa ba ni da ɗa, ba ni da jika. Ran da aka rufe ni a ƙasar nan, babu bakin da zai sake cewa Isyaku. Ban roƙe ki komai ba, ba kuma zan roƙa ba, sai abu ɗaya. Ina so wata rana ina zaune a kujerar nan allon ya rubuta sunana, in ga mace ta miƙe."

Na ce, "Haba Malam, kai da ka san addini. Ai mace ba ta barin sunan ubanta."

Ya ce, "Na sani. Amma ai ba na ubanki na gani a allon ba."

Washegari na koma asibitin ni kaɗai, na gaya wa matar da ke teburin karɓar baƙi cewa na yi aure, ina so a gyara sunana. Ta taya ni murna sosai, ta ce in kawo shaidar aure. Na miƙa mata takardar da liman ya ba mu. Ta juya ta gaba da baya, ta ce mini cikin ladabi wannan ta masallaci ce, kuma masallacin namu ba ya cikin waɗanda hukuma ta san aurensu. Ta ce a gida da kan titi in kira kaina abin da na ga dama tun daga yau, babu mai hana ni, amma a rubuce sai ɗayan biyu. Ko mu je council, wato ofishin ƙaramar hukuma, a ɗaura mana irin nasu a ba mu takarda, ko in yi wata takardar sauya suna da kowa ke iya yi, mai aure da marar aure. Na kawo wa Malam zaɓin, ya girgiza kai tun kafin in rufe baki.

"Ta biyun nan ko ɗan wasan kwaikwayo yana yin ta. Ni ba na son sunan da aka haura katanga da shi. Ta ƙofa za ki shigo."

Muka je council muka ba da sanarwa, aka ce sai an jira kusan wata guda, kuma mu zo da shaidu biyu. Malam ya yi booking da kansa a waya, yana ta gyara murya kamar mai magana da gwamna. Ya aika Kano aka ɗinko masa babbar riga fara, ya kai ta wurin masu guga, ya rataye ta a cikin ledarta. Kullum sai ya tsokane ni, wai amarya sau biyu a shekara ɗaya, rana dai ba ta ƙarya sai dai uwar ɗiya ta ji kunya. A cikin wannan jira ne kika kira ni, Safiya, kina ta kwana-kwana kafin ki fito da maganar.

"Mum, Yaya's not happy. Ya ce ki auri wanda kike so, bai hana ba, amma sunan Baba fa? Ya ce it's all that's left."

Wato sunan shi kaɗai ne abin da ya rage na babansa a gidan nan. Na kwana biyu ina juya maganar, na yanke shawarar da ta ci mu duka. Na ce ba zan shiga ɗakin nan na council ba sai Yayanku ya zo da ƙafarsa ya zama ɗaya daga cikin shaidun. Tunanina shi ne in na yi a bayan idonsa na samu suna na rasa ɗa, in kuwa na yi haƙuri zan samu duka biyun. Malam ya saurare ni har na gama.

"To ki kira shi ki gaya masa da bakinki."

"Malam, ɗan fari ne fa."

"Ɗan farin Kano ko na Landan? Yaron nan bai san wannan kunyar ba, Hajiya. Shi gani yake kin kawar da kai."

Na ce ya bar ni da ɗana, na fi shi sanin abin da na haifa. Na sake tura Hajiya Ladi, ta dawo da gaisuwa kawai. Na tura mijinta, dattijo mai furfura, aka ba shi shayi aka rako shi mota. Na tura liman da kansa, don a wurinmu girman ɗan aike shi ne girman wanda aka aika wa. Ashe kowane babban mutum da na tura ƙara masa ciwo nake yi. Ranar ta zo, aka yi cancel. Malam ya sake yin booking na bayan azumi, bai yi ƙorafi ba, sai cewa ya yi rigar ba ta ruɓewa. Muka ci gaba da zuwa asibiti, allon na rubuta abin da ya saba, shi kuma yana faɗin tasa, tashi ana kiran matar Lawal. Amma dariyar tana raguwa kamar sabulun da ake wanka da shi kullum.

Ranar Sallah Yayanku ya zo gaisuwa shi kaɗai. Malam ya karɓe shi hannu bibbiyu, sannan ya ɗauki hularsa ya ce zai je sayen lemo, alhali ga lemo cike da firji. Ya bar mu mu biyu a falo. Na zuba masa tuwo da miyar taushe, na zauna a gefe ina kallon bango, shi ma yana ci a hankali, na san jira yake. Maganar tana bakina, na tsara ta tun da asuba. Na buɗe baki sai na ji kaina ina tambayar makarantar yara. Ya amsa. Na tambayi aiki, ya amsa. Ya wanke hannu, ya tsaya a bakin ƙofa da mukullin mota, ya dube ni ido cikin ido, abin da ɗan farin Kano ba zai yi ba.

"Is there anything else, Mum?"

Yana tambaya ne ko akwai sauran magana. Na ce, "Babu. A gaida yara."

Malam ya dawo da lemonsa, ya dubi fuskata, bai tambaye ni komai ba. Ya sa lemon a firji kusa da 'yan uwansa. Sati biyu bayan haka aka sake yin cancel, wannan karon ni na kira su don in rage masa kunya. Daga nan ya daina tsokanar. In allon ya yi ƙara ya rubuta sunan, sai ya sunkuyar da kai yana kallon takalminsa, ya janye ƙafa in wuce. Wallahi shirun nan ya fi mini barkwancin zafi. Ina ce wa kaina gobe zan ɗauki waya, gobe zan hau jirgin ƙasa in je Dagenham, saura kaɗan yaron ya huce. An ce mai haƙuri yakan dafa dutse ya sha romonsa. Ni na dafa, na yi ta iza wuta, ban ga romo ba.

Wata safiya da sanyi ya fara shigowa, Malam ya sunkuya zai ɗaura takalmi ya tafi masallaci, sai ya zame a hankali ya jingina da bango, bakinsa ya karkace. Motar asibiti ta zo ta ɗauke mu. A can aka tambaye ni sunansa, na miƙa katinsa kamar yadda nake yi ina sabuwar zuwa. Aka tambaye ni mece ce ni a wurinsa, na ce matarsa. Aka tambayi sunana, na ce Mrs Lawal. Matar ta ɗago ta dube ni, ta mai da kai ta rubuta. Ba ta hana ni shiga ba, babu wanda ya wulaƙanta ni a wurin, amma kallon nan yana nan tare da ni. Ya kwanta kwanaki bai buɗe ido ba. Ina zaune a gefensa ina cewa Malam, Malam, sannu Malam. Akwai wata nas 'yar Gana mai Hausar zango da ke kula da shi, wata rana da hantsi ta tsaya tana jin mu.

"Mma, Malam ba suna ba ne. Kowa Malam. Kira sunan da uwarshi ya ba shi, watakila shi na ji."

Na jira ta fita. Na duba labule, na duba ƙofa, kamar mai shirin sata. Ina da shekara kusan sittin, kuma ban taɓa kiran miji da sunansa a gaban idonsa ba. Na sunkuya daidai kunnensa na ce, "Isyaku." Muryata ta fito kamar ta wata. Na sake faɗa, na ce, "Isyaku, matarka ce." Na zuba wa fuskarsa ido ko gira za ta motsa. Ban ga komai ba. Ban sani ba ko ya ji, kuma babu wanda zai taɓa gaya mini. Ya cika kafin la'asar ta washegari.

Rajistar mutuwa a ginin council ɗin nan ake yin ta, inda muka ba da sanarwar aure, ƙofa ce kawai ta bambanta. Ma'aikacin ya yi mini ta'aziyya, ya tambayi dangantakarmu, na gaya masa. Ya nemi takardar, na ce ta masallaci ce. Ya ba ni haƙuri, ya ce ba zai iya rubuta ni a matsayin matarsa ba, zai rubuta ni a matsayin wadda ke wurin lokacin rasuwa. Na ce ya rubuta, ai ina wurin. Na koma gida na shiga takaba, wata huɗu da kwana goma, ba turare ba kwalli, ina zaman makokin miji a gaban Allah, wasiƙu kuma suna faɗowa ta ramin ƙofa da sunan matar Lawal. Farar rigar tana rataye a ledarta. Ko a likkafani ba a sa babbar riga, balle in ce ya tafi da ita.

Ranar da na fita takaba Yayanku ya zo. Ya yi wahala a jana'izar, wannan ba zan ɓoye ba, shi ya shiga kabarin ya karɓi Malam. Ya zauna a ƙasa kusa da ƙafata, abin da bai yi ba tun yana yaro, kuma ya yi ƙoƙari ya yi maganar da Hausarsa mai ɗingishi.

"Mum, ki ɗauki sunan. Safiya ta ce za a iya yi online, ba wuya. Ni zan yi signing."

Na ce, "Ihu bayan hari ke nan."

Sai ya koma Turanci, maganar ta ɓalle masa yana kuka. Ya ce shi bai taɓa damuwa da sunan kamar yadda muka ɗauka ba. Ya ce ya ji labarin auren uwarsa daga bakin maƙwabciya. Ya ce na turo masa tsohuwa, na turo masa tsoho, na turo masa liman, kamar wani azzalumin sarki da ake jin tsoron shiga wurinsa. Ya ce ranar Sallah ya zo ne da niyyar cewa to, jira kawai yake in tambaye shi.

"You never asked me, Mum. Ko sau ɗaya ba ki taɓa kiran sunana ba."

Na dubi ƙeyarsa, ga furfura ta fara fito masa, ɗan da na goya a cikin sanyin ƙasar nan ina tafiya asibiti da ƙafa. Na so in gaya masa cewa rashin kiran nan shi ne kiran. Na so in kira shi a lokacin, sunan ya zo har bakina. Na ɗora hannu a kansa na ce Allah Ya yi maka albarka. Iyakar abin da ya fito ke nan.

Ban sauya sunan ba, kuma ba zan sauya ba. Ba don babanku ba, Safiya, ki daina faɗa wa mutane haka. Malam ba takarda yake so ba, so yake ya zauna a kujerar nan ya gani da idonsa, sau ɗaya. Idon yana ƙarƙashin ƙasa. In na ɗauki sunan yanzu na haura katangar da ya ce kada in haura, in shiga gidan da babu kowa a ciki. Kada kuma ki ɗora wa Yayanku, shi ma jira ya yi kamar yadda na yi, kamar yadda Malam ya yi. Mu uku muka zauna kowa na jiran wani, a ƙasar da tun ranar farko aka ce mini babu mai hana ni. Na yi ta neman inda zan ajiye wannan baƙin ciki in huta, ban samu ba. Mutane na cewa lokaci na warkarwa, ni dai shekarun nan ƙara mini nauyinsa suke yi.

Har yanzu likitanmu ɗaya ne da na da, kujerun robar ma ba a sauya su ba. Nakan zauna a layin da muke zama, in ajiye jakata a kujerar gefe don kada wani ya zauna. Wani lokaci in na ji ƙarar allon nakan ɗan jinkirta kafin in ɗaga kai, in ba shi dama ko zai rubuta wani abu dabam. Sai in ji gwiwar hannun nan a haƙarƙarina, da muryar nan tana danne dariya. Ana kiran matar Lawal. Nakan ɗauki jakata in tashi.